Kafin ka jefar da tsohuwar kwamfutarka, gwada Linux

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutoci ba su daina kunnuwa ba a ranar, kuma duk abin da ke cikinsu yana nan, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san an yi wani abu ba. Abin da aka tsayar shi ne gyare-gyaren tsaro na kyauta da kamfanin yake aikowa wata-wata. Ma'ana, duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, a buɗe za ta zauna. An bar 'yar ƙofa ga mai son ƙarin shekara ɗaya zuwa Oktoban 2026, ko dai ya biya dala 30 ko ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft, amma wannan jinkiri ne kawai, kuma sai mai Windows ta gaskiya ke samunsa.

Maganar nan ta shafe mu a zango fiye da yadda muke zato. Kowa ya san irin kwamfutocin da ke gidajenmu da makarantunmu da shagunan buga takardu, daga Nima da Mamobi a Ankara har Aboabo a Kumasi. Yawanci hom-yus ne, Dell da HP da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka Tema, mu kuma mu je Tip Toe Lane ko Adum mu yi ciniki. Injuna ne masu ƙwari, wasu ma sun fi sababbin araha ƙarko. Sai dai Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta zo da sharuɗɗa. Tana neman wani ɗan guntun kayan tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel ba ta karɓar furosesa sai daga ƙarni na takwas zuwa sama, wato kusan ƙirar ƙarshen 2017. Laftof ɗin da ke da i5 na ƙarni na huɗu ko na shida, wadda ke buɗe komai lafiya lau, an ce ba ta cancanta ba.

To me mai irin wannan na'ura zai yi? Sayen sabuwa ba wasa ba ne ga ɗalibi ko malamin makaranta ko matar da ke riƙe lissafin shagonta. Zama a kan Windows 10 kamar kwana ne a ɗakin da sakatarsa ta karye. Mun ga misali a watan Mayun 2017, lokacin da ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris, waɗanda ba su ɗora shi ba su ne suka sha wuya. Hanya ta uku ita ce wadda muka fi sabawa da ita: a kai wa mai gyara, ya ɗora Windows ta jabu da Office ta jabu a kan 'yan sidi kaɗan. Amma ka lura da abin da yake yi kafin ya kunna ta. Sai ya kashe manhajar tsaro tukuna, don in tana kunne za ta kama abin da yake shigarwa. Ka sallami maigadi da hannunka, ka shigo da baƙon da ba ka san fuskarsa ba, sannan a kan wannan na'ura kake buɗe imel ɗinka da asusun banki.

Ra'ayina shi ne, ga mafi yawanmu hanya ta huɗu ta fi, wato Linux. Kuma ina nufin har da wanda bai taɓa jin sunanta ba sai yau.

Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, kamar dai Windows. Wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya kafa tun 1983. Bambancinta shi ne asalin rubutunta a fili yake. Kowa yana da izinin karantawa, ya gyara, ya kwafa, ya ba maƙwabcinsa, kuma doka tana bayansa. In ka ɗora ta a kwamfuta hamsin ba ka ci haƙƙin kowa ba. Kada kuma kalmar kyauta ta sa ka ɗauka kayan wasa ne. Wayar Android da ke aljihunka a kan zuciyar Linux aka gina ta, kuma tun ƙarshen 2017 manyan kwamfutoci 500 da suka fi kowanne ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki. Ashe ka daɗe kana amfani da ita ba ka sani ba.

Abin da ke fara rikita sabon shiga shi ne yawan iri. Akwai Ubuntu, akwai Debian, Fedora, Arch da sauransu barjat, kuma kowane gwani nasa yake yabo. Kada ka tsaya sauraron wannan gardama. Ɗauki Linux Mint. An gina ta a kan Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fitar a 2004, kuma fuskarta ta yi kama da Windows 7 da muka sani: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Ram giga 2 ta isa ta tashi, giga 4 ta wadatar. In na'urar ta tsufa ƙwarai, akwai samfurinta mai suna Xfce da ya fi sauƙin ɗauka. Jerin Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, ba tare da ka biya ko kwabo ba. Tana zuwa da burauzar Firefox da LibreOffice a ciki, don haka rubutu, lissafi da shiga intanet duk a shirye suke tun ranar farko.

Akwai wani abu da zai yi wa mai rubuta Hausa daɗi. A cikin jerin madannan Linux akwai tsarin Hausa na Ghana da na Najeriya, kusa da na Akan da Ewe da Ga da Fulatanci. Ka zaɓa sau ɗaya, ɓ da ɗ da ƙ su zo ƙarƙashin yatsunka, ka huta da rubuta kasa alhali ƙasa kake nufi. Larabci ma haka, malamin da ke buga takardun jarrabawar makarantarsa zai iya sauyawa tsakanin harsunan da danna maɓalli biyu.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Sai zumuɗi ya ɗebi mutum, ya goge Windows a dare ɗaya, da safe ya nemi hotunan bikinsa ya rasa, firinta ta ƙi aiki, ya fito yana zagin Linux. Laifin gaggawa ne. Dubi yadda rundunar jandarmomin Faransa ta yi nata ƙaurar. A 2005 suka fara sauya manhajar rubutu kawai, a 2006 suka koma Firefox, sai a 2008 suka fara ɗora Ubuntu. Kafin a taɓa babbar manhajar, ma'aikata sun riga sun saba da kayan aikin. Kai ma haka za ka yi. Ɗora LibreOffice da Firefox a kan Windows ɗinka ta yanzu, ka yi sati biyu ko uku kana aiki da su. In hannunka ya faɗa, ka ci rabin tafiya.

Mataki na biyu, kwashe kayanka. Hotuna, takardu, karatuttukan da ka tara, duk ka kwafe su a wata ma'ajiya ta waje, ka buɗe ka tabbata sun shiga. Na uku, nemi filash mai giga 8, ka sauke Mint daga shafinta na asali. Girmanta kusan giga 3 ne, don haka nemi inda data ke da sauƙi ko ka karɓa wurin wanda ya riga ya sauke. Ka rubuta ta a filash ɗin da manhaja irin su Rufus, ka sake kunna kwamfutar kana danna F12 in Dell ce ko Lenovo, F9 in HP ce. Mint za ta tashi daga filash ɗin ba tare da ta taɓa komai a cikin na'urarka ba. A nan za ka gwada wayfai, sauti, kyamara da firinta. Gani ya kori ji. In wani abu ya ƙi, ka zare filash ɗin ka koma inda kake, ba ka yi asarar komai ba. In komai ya yi, za ka iya ɗora ta gefe da gefe da Windows, ka riƙa zaɓa duk lokacin da ka kunna. Kuma don Allah, kada ka fara ɗorawa sai batir ya cika, ka san halin dumso.

Gaskiya ɗaya ce, Linux ba ta kowa ba ce. Mai shagon zane da ke cin abinci da CorelDraw ko Photoshop, waɗannan ba su da samfurin Linux. Akwai Inkscape da GIMP, suna aiki, amma in gidan ɗab'in da kake kai wa aiki fayil ɗin Corel yake nema, kada ka yi wasa da tuwonka. Haka mai zanen gini da AutoCAD, da mai gyaran waya da yawancin kayan filashin ɗinsa na Windows ne. Takardar Word mai ado da yawa takan ɗan karkace in an buɗe ta a LibreOffice, shi ya sa ya fi kyau ka tura CV ko takardar neman aiki a matsayin PDF. Wasu katunan wayfai, musamman na Broadcom, sai an jona waya an sauke musu direba. Hatta manya sun taɓa ja da baya: birnin Munich na Jamus ya yi shekaru a kan Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Duk da haka, a 2024 jihar Schleswig-Holstein a Jamus ɗin ta sanar da sauya kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Wanda ya ce maka ba wahala ko kaɗan, yaudararka yake yi. Amma in aikinka bai wuce rubutu, lissafi, karatu a intanet, kallon bidiyo da WhatsApp a burauza ba, wahalar ta 'yan kwanaki ce.

Iyaye da malamai suna da tasu damuwar, kuma tana da tushe. Littattafan kwamfuta na makarantunmu a kan Microsoft aka gina su. Ba mu manta da malamin nan na wata makaranta a Sekyedumase ba, wanda a 2018 hotonsa ya zaga duniya yana zana fuskar Word da alli a kan allo, saboda yaransa za su rubuta jarrabawa a kan abin da ba su taɓa gani ba. To amma wannan labari ai hujja ce a gare mu. Abin da yaran suka rasa shi ne na'urar da za su taɓa. Yaron da ya koyi adana fayil, gyara sakin layi da haɗa lissafi a LibreOffice, rana ɗaya ta ishe shi ya gane inda maɓallan suke a Word. Makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya sun haura shekara goma suna koyarwa da Linux, kuma ba a ji yaransu sun kasa aiki da kwamfuta ba. Tsofaffin na'urori goma da ke aiki sun fi wa makarantar zango amfani a kan sabuwa ɗaya da ke kulle a ofishin hedimasta.

Sannan mu tuna inda kwamfutar da aka yar take ƙarewa. Mun ga Agbogbloshie kafin a rushe ta a 2021, mun ga samari, da yawansu daga arewacin ƙasar nan, suna ƙona wayoyi don su ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin. Rushe wurin bai hana aikin ba, ya dai watsu zuwa wasu wuraren. Duk laftof ɗin da aka ƙara wa shekara huɗu ko biyar tana aiki, an rage abin da zai shiga wannan wuta.

Kirana na musamman ga masu gyaran kwamfuta ne da matasanmu da suka yi karatun fannin. Mutum ba ya zaɓar abin da bai san da shi ba, kuma abin da mai gyara ya ɗora masa shi yake tafiya da shi gida. Ku ajiye filash ɗin Mint a shago. In dattijo ko ɗaliba ta kawo tsohuwar na'ura, ku tambayi aikin da ake yi da ita, ku nuna musu zaɓi biyun. Kuɗin aikinku yana nan, har ma da na koyarwa. Ku ma akwai riba a ciki, don yawancin manyan na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet da Linux suke tafiya, kuma wanda ya iya sarrafa ta ya samu sana'ar da ake nema har daga wajen ƙasa. Ƙungiyoyin matasan zango da ke shirya wasan ƙwallo da gyaran kwata, me zai hana su ware Asabar ɗaya a wata, kowa ya kawo tsohuwar na'urarsa, waɗanda suka iya su taimaka wa waɗanda ba su iya ba? Sabon shiga ya fi buƙatar mutum ɗaya da zai kira in ya maƙale fiye da dogon bayani a YouTube.

Kai kuma mai karatu, ba a ce ka yarda da maganata haka kawai ba. Filash ɗaya ce da yamma ɗaya. Ciro waccan laftof da ka jingine a bayan akwati, ka kwashe kayanka, ka gwada. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.