Kafin Maigida Ya Sayi Fili

 Na san waɗansunku da ganin kan maganan nan za su ce, "Ina ruwanmu da fili? Ai wannan sha'anin maza ne." To, ku saurara. Maigida shi ke sayen fili, gaskiya ne, amma da gari ya waye sai ya sa takalminsa ya fice. Ke za a bari da randa ba ruwa, da kwatar da ta rasa inda za ta bi.

Damunar da ta wuce na je ganin wata yayata da suka tare a sabon gida, can gefen Kano. Gida kam sai wanda ya gani. Amma mai adaidaita tun a bakin titi ya sauke ni, don lungun ba ya shiguwa. Na tuɓe takalmi na riƙe a hannu. Ruwan wanke-wanken gidaje duk ya kwanta a tsakiyar hanya, sauro ya sami masauki. Ruwan sha sai na 'yan garuwa. 'Ya'yanta kuwa sai sun ƙetare babban titi kafin su kai makaranta. Na tambaye ta yadda aka yi haka, ta ce, "Ƙanwata, ai filin awon igiya ne."

Awon igiya shi ne mai gona, ko dillalin da ya saye ta, ya ɗauki igiya ya yayyanka ta fuloti-fuloti ya sayar. Kowace ƙafa da ya bari don hanya, kuɗi ne ya fita daga aljihunsa, saboda haka sai ya matse lungu iyakar matsewa. Filin makaranta, ko na asibiti, ko wurin zuba shara, wa zai bar masa su kyauta?

Awon hukuma dabam ya ke. Bisa dokar ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, kuma a cikin birane shi ke ba da takardar mallaka. Idan za a buɗe sabuwar unguwa, hukuma ta kan karɓi gonaki ta biya diyya, sa'an nan ma'auna su zana taswira. Su fara fid da tituna da magudanan ruwa, su ware wurin makaranta da kasuwa da asibiti, abin da ya rage shi a ke rabawa, a kafa wa kowane fuloti duwatsun shaida. Ko bayan an ba mutum, ba zai sa tubali ba sai ya kai zanen gidansa wurin hukumar tsara birni, watau KNUPDA a nan Kano, ta yarda.

Kada ku ce na wanke hukuma tas. Sau da yawa akan raba fuloti, titin da bututun suna kan takarda, a yi shekaru ba su sauko ƙasa ba. Amma dai wurinsu yana nan yana jira. A awon igiya fa, ran da aka tashi kawo titi ko lambatu, sai an rushe ɗakin wani. Tun ran gini ran zane.

Me ya sa mutane ke rububin awon igiya? Yawa ne, da araha. A ƙidayar 1952 mutanen Kano wajen dubu 130 ne. A ta 2006, ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka yi birnin sun haura miliyan 2 da rabi. An taɓa yi wa Kano babban tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma gari ya zarce shi, ya malala cikin gonakin Kumbotso da Ungogo. Ruwan da a ke tacewa a Challawa da Tamburawa ba ya kai wa kowa. Rukunin gidajen da gwamnati ta gina tsakanin 2011 da 2015, Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, an yi musu tituna kafin a tare, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. To, mai ƙaramin albashi da haya ta ishe shi, ina zai nufa in ba wurin dillali ba? Ban ga laifinsa ba.

Abin da na ke roƙo shi ne, in maigida ya zo da albishir ya sami fili, ki yi masa murna, sa'an nan cikin ladabi ki tambaye shi: awon wa ne? Mota za ta iya shiga lungun, ran da naƙuda ta kama mace da tsakar dare? Ina ruwan sama ke bi? Ki roƙe shi ya je ya duba filin da damuna, bayan an ɗauke ruwa, don da rani kowane kwari tudu ne. In ya zama tilas awon igiyar za a saya, maƙwabta su haɗa kai tun ba a yi gini ba, su je gaban mai unguwa, kowa ya ja da baya ƙafa biyu ko uku a bar wa hanya da kwata. A kuma nisanta rijiya daga masai, har da na maƙwabci.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ke da karatu. In an kawo takardar ciniki gida, ku karanta wa iyayenku ita a hankali, ku duba ko an rubuta tsawon filin da faɗinsa, da faɗin hanyar da ke gabansa.