Ka daina jiran a turo maka: yadda sabbin maƙalun falsafa za su riƙa zuwa wayarka

Makon jiya wani ɗalibin jami'a ya kawo min wayarsa shago nan Funtua, wai ta yi nauyi, komai ya taɓa sai ta tsaya. Da na duba, memori ne ya cika fal da fayilolin PDF na falsafa da aka tura masa a gurup-gurup na WhatsApp. Wani fayil ɗin ma sau huɗu ya sauke shi. Na ce, "Malam, duk ka karanta waɗannan?" Ya yi dariya ya ce ko rabi. Abin da ya fi damunsa, malamin da ke duba masa furojet ya dawo masa da babi na biyu, ya ce duk hujjojinsa tsofaffi ne.

Ni gyaran waya na sani, ba falsafa ba. Amma na gane matsalarsa, kuma ina zargin kai ma kana da ita. Idan a gurup ko a Facebook kake jiran sabon ilimi, to wani ne ke zaɓar maka abin da za ka karanta. Gurup zai ba ka abin da wani ya ga dama ya tura. Facebook kuwa abin da ya fi jawo hayaniya yake ɗaga maka sama. Maƙalar da aka buga jiya a mujallar masana ba ta da masu yi mata talla, shi ya sa ba za ta iso gare ka ba.

Maganin tsohuwar fasaha ce mai suna RSS, wadda ta fito tun 1999. Mujalla tana da wani adireshi na musamman da take jera sabbin maƙalunta. Kai kuma sai ka saka adireshin a wata manhaja. Duk lokacin da aka buga sabon abu, take da taƙaitaccen bayaninsa za su shigo wayarka a jere, sabo a sama. Da Google ya rufe manhajarsa ta Google Reader a watan Yulin 2013, mutane da yawa sun ɗauka RSS ta mutu. Tana nan da ranta.

Ga yadda za ka yi:

1. Ka sauke ɗaya daga cikin Feedly, Inoreader ko Feeder a Play Store. Tsarin kyauta ya ishe ka.

2. Ka fara da PhilPapers, rumbun da David Bourget da David Chalmers suka buɗe a 2009, wanda ke tattara maƙalun falsafa daga mujallu masu yawa. An kasa shi fanni-fanni. Ka shiga naka, misali falsafar Afirka ko ta Musulunci, ka nemi inda aka rubuta RSS.

3. Ka danne wurin, ka kwafi adireshin, ka koma manhajarka ka danna alamar ƙari, ka liƙa shi.

4. Haka za ka yi wa mujallu ɗaiɗai, irin su Mind da ke fitowa tun 1876, ko South African Journal of Philosophy. Alamar RSS ruwan lemo ce, ɗigo ɗaya da baka biyu.

Na san abin da za ka ce: "To ai yawancinsu sai an biya kuɗi." Gaskiya ne, RSS ba ta buɗe maƙalar da aka kulle. Amma sanin cewa maƙala ta fito shi ne rabin aikin. Da take da sunan marubuci a hannunka, ka duba PhilArchive, inda marubuta ke ajiye ayyukansu kyauta, ko ka tambaya a laburaren makarantarku. Akwai kuma mujallu irin su Ergo da Philosophers' Imprint da ba a biyan ko sisi.

Wani dalilin namu ne na nan yankin. Ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtua, Bakori da Malumfashi. Ko yanzu, wanda ke kwana a ƙauye lokacin girbin masara ya san yadda sabis ke wasan ɓuya. Feeder tana ajiye abin da ta ɗauko a cikin waya. Ka sabunta ta inda akwai sabis, ka karanta a gona. Rubutu zalla kuma ba ya cin data kamar bidiyo.

Sai dai kar ka yi zari. Idan ka zuba mujallu hamsin, ka koma gidan jiya. Ka fara da biyar. Ka ware minti goma sha biyar bayan sallar asuba ka duba takensu, wadda ta shafi aikinka kaɗai za ka sauke.

Ɗalibin nan mun goge fayilolin da suka maimaitu, na saka masa Feeder da adireshi uku kafin ya bar shagon. Kai ma ka gwada na mako biyu ka gani. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.