Ku daina tara mAh da GB kuna cewa kun gano wayar da ta fi

Jama'a, akwai wani teburi da ake ta yaɗawa: a jera wayoyi, a tara batir da RAM da kyamara, wai wadda jimillarta ta fi yawa ita ce sarauniya. Wallahi wannan cutar masu saye ce, domin da shi mutum ke zuwa kasuwa ya zube kuɗin da ya yi wata shida yana tarawa.

Ku duba. Waya ta farko: batir 6000mAh, RAM 4GB, kyamara 50MP, jimilla 6054. Ta biyu: 5000mAh, 12GB, 50MP, jimilla 5062. Ta farko ta ci ke nan. To yanzu a rubuta batirin da Ah, wato 6 da 5. Ta farko ta koma 60, ta biyu 67. Ba wanda ya kwance ko noti ɗaya, amma zakara ya sauya! Ma'aunin ne yake yanke hukunci, batir yana haɗiye sauran don kawai lambarsa dubbai ce. Wa ya taɓa tara mudu da kilo da yadi?

Gyaran ba wuya. A Excel, kowane layi a nemo matsakaicinsa da AVERAGE, a nemo yadda lambobin suka warwatsu da STDEV, sai STANDARDIZE ya cire matsakaicin ya raba da warwatsuwar. Daga nan kowane layi yana magana da murya ɗaya. Farashi kuma a juya alamarsa, tunda ƙarancinsa ake so.

Ɗalibai masu furojet da SPSS, ku ma abin ya shafe ku. In za ku yi factor analysis da albashi na dubban naira da shekaru da amsar 1 zuwa 5, ku bar shi kan Correlation matrix yadda ya zo a Extraction. Kuka mai da shi Covariance, albashi zai danne komai, ku ɗauka kun gano wani abu.

Wani zai ce ai ko an daidaita, wa ya ce RAM da kyamara darajarsu ɗaya? Gaskiya ne, wannan zaɓin mai waya ne. Ɗan acaɓa da ke wuni a titi ya ninka makin batir sau biyu in ya ga dama. Amma ya san shi ya ninka da hannunsa, kada sifili uku na mAh su ninka masa sau dubu bai sani ba.