Rigar Maradona da zafin ɗakunanmu

Ranar 4 ga Mayu, 2022, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wata shuɗiyar riga mai lamba 10 a kan fam miliyan 7.1 da 'yan kai. Ita ce rigar da Diego Maradona ya sa ranar 22 ga Yuni, 1986, a filin wasa na Azteca da ke birnin Meziko, ranar da Ajantina ta fitar da Ingila daga gasar cin kofin duniya da ci 2-1. Ƙwallon farko da hannu ya zura shi, na biyu kuwa sai da ya yanke kusan rabin 'yan wasan Ingila. Wanda ya sayar da rigar shi ne Steve Hodge, ɗan wasan tsakiya na Ingila, wanda ya yi musayar riga da Maradona bayan an tashi. Mu a nan in an ce gwanjo, tunaninmu kan tafi ga dilar tsofaffin tufafi da ake kwancewa a kasuwa. To wannan ma tsohuwar riga ce da wani ya jiƙe da gumi, kuɗin ne kawai suka sha bamban. Bayan wata huɗu aka sayar da rigar da Michael Jordan ya sa a wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon Amurka na 1998 a kan dala miliyan 10.1, a Disambar 2023 kuma riguna shida da Lionel Messi ya sa a Ƙatar suka tashi a kan dala miliyan 7.8.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne yadda rigar ta kai shekara 36 ba ta lalace ba, alhali asalinta ba wata riga ce ta a-zo-a-gani ba. Shuɗayen rigunan da Ajantina ta zo da su sun yi wa 'yan wasa nauyi a zafin Meziko, sai kocinsu Carlos Bilardo ya sa aka shiga gari aka sayo wasu marasa nauyi a kanti, aka ɗinka musu tambarin hukumar ƙwallon ƙasar cikin gaggawa, aka manna lambobi da dutsen guga. Kusan shekara 20 daga cikin shekarun nan, rigar ta yi su ne a matsayin aro a gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila, wanda yanzu yake Manchester, a hannun mutanen da aikinsu ke nan: auna zafi, auna danshi, rage haske. Sai na tambayi kaina: da a ce wani ɗan wasanmu ne ya karɓo rigar nan, ya kawo ta ɗaki mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato, me zai rage daga cikinta a yau?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tambaya ce ta wanda ba shi da aikin yi. Muna da rigunan da suka cancanci a yi musu ita. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin lig na Najeriya a 1978. Kano Pillars ta ɗauke shi sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci kofin ƙalubale a 1991 da 1992. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta na farko a gasar cin kofin duniya a 1994, haifaffen Kaduna ne, haka Tijjani Babangida da Garba Lawal da suka ciwo zinare a Atlanta a 1996 'yan Kaduna ne. Ahmed Musa kuwa, a wata ranar 22 ga Yuni, ta 2018, ya zura wa Iceland ƙwallo biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wasanni an buga shi ne cikin riga, kuma 'yan wasa mutane ne masu kyauta: su ba ɗan'uwa, su ba aboki, su jefa wa ɗan kallo. Saboda haka irin waɗannan riguna suna warwatse a gidajen mutane, a ƙarƙashin gado da saman kabad, a hannun waɗanda suke ƙaunarsu amma ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cinye su.

Zafi ne kan gaba. Masu kula da tufafi a gidajen tarihi sun fi son ɗaki ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin salshiyas, danshin iska kuma ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100. Dalilinsu na ilimin sinadarai ne: a bisa ƙiyasin da aka saba aiki da shi, duk ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin lalacewar abu kusan sau biyu. Ke nan rigar da ke zaune a digiri 40 tana tsufa kusan ninki huɗu na wadda ke digiri 20, lalacewar shekara 40 ta same ta cikin shekara 10. Digiri 40 kuwa ba baƙo ba ne gare mu a watan Afrilu, kuma wannan a inuwa ake auna shi. Tsakanin kwano da silin, inda wasu ke cusa akwatunan da ba a bukata, ya fi haka nesa ba kusa ba. But ɗin motar da aka ajiye a rana ma haka.

Jesin zamani da zaren roba ake saƙa ta, wanda ake kira foliyesta, kuma shi zaren yana da juriya ƙwarai. Inda rauni yake shi ne abin da aka manna a kai: lamba, sunan ɗan wasa, tambarin kamfanin da ya ɗauki nauyin ƙungiya. Roba ce mai laushi da aka liƙa da gam ta hanyar zafi, kuma abin da zafi ya liƙa, zafi na iya kwance shi. Da farko gefen lambar ya fara ɗagowa, sannan ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, ko ta yi danƙo. Idan an ninke rigar lamba na kallon lamba, sai su manne, ranar da aka zo buɗewa rabin sunan ya biyo ɗaya gefen. Riga ba lamba ba suna kuwa, wa zai yarda cewa ta wane ce?

Bazara na wucewa, damina ta karɓa. A Agusta danshin iska kan wuce kashi 70, daidai inda fumfuna ke samun wurin zama, musamman a rigar da gumi ya bushe a jikinta. Danshin nan kuma yana ruɓar da irin robar da ake yin lambobi da ita sannu a hankali. Hunturu ya zo da nasa: iska ta bushe har danshi ya sauka ƙasa da kashi 20, roba ta ƙandare, ƙura ta shiga tsakanin zare. A shekara guda rigar ta sha gashi, ta sha laima, ta sha bushewa. Wannan kai-da-kawowa shi ya fi gajiyar da ita.

Na san abin da mai karatu zai ce: digiri 20 a ina, a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama? Gaskiya ne. Kuma ni ban ga hikimar kunna na'urar sanyaya ɗaki saboda riga ba, domin ɗakin da ya yi sanyi awa uku, wuta ta ɗauke ya koma tanda, ya fi cutar da ita a kan ɗakin da ya tsaya a digiri 28 dare da rana. Firji ma ba wurinta ba ne, don duk fitowa sai raɓa ta kwanta mata. Abin da gida zai iya nema shi ne wurin da ya fi ko'ina sanyi kuma yanayinsa bai cika sauyawa ba: ɗaki na ciki wanda bangonsa ba ya shan ranar yamma, nesa da kicin da banɗaki da inda ake tada janareta. A gidan sama, ɗakin ƙasa ya fi. A ɗora akwatin a kan benci ko katako, kada ya taɓa daɓe saboda laima da gara, kada kuma a kai shi saman kabad inda zafi ke taruwa. Ƙaramin agogon auna zafi da danshi, irin mai batir, zai nuna wa mutum ɗakin da ya dace cikin mako guda.

A nan dole in jinjina wa magabatanmu. Tsohon soro mai kaurin bango da rufin azara yana yin abin da gidan tarihi ke kashe kuɗin wuta a kansa: yana jinkirta zafin rana, yana riƙe sanyin dare. Wanda ya taɓa shiga zaurukan Gidan Makama da tsakar rana ya san abin da nake nufi. Kakanninmu kuma sun san yadda ake ajiye rigar tsamiya ko saƙi ta yi shekaru: a naɗe ta cikin farin ƙyalle, a sa a adaka, a rufe a ɗaki mai duhu, a fito da ita ta sha iska lokaci-lokaci. Ɗan gyara kaɗan wannan tsari ke bukata ya dace da jesi. A samo farin yadin auduga, a wanke shi sosai sitaci ya fita, a shimfiɗa rigar a kwance, a sa ƙyalle tsakanin gaba da baya yadda lamba ba za ta taɓa komai ba sai auduga. In dole sai an ninke, kada ninkin ya bi ta kan lamba, kuma a cusa ɗan ƙyalle a cikinsa don kada ya yi kaifi. Ban da leda, domin tana tsare danshi a ciki. Ban da jarida, ko da wannan da ke hannunka ce, saboda tawada na zuba kuma takardar na sa yadi ya yi rawaya. Kafur ma kada ya taɓa rigar, don yana iya laushe roba. Tsofaffin riguna na auduga ko ulu, irin na shekarun 1970, su ne asu da kyankyaso suka fi so, maganinsu kuma tsabtar ɗaki da yawan dubawa.

Sai kuma ɓarnar da ƙauna ke jawowa, wadda a ganina ta fi ta gara yawa. Wanda ya samu riga daga hannun gwaninsa, abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya sa ta a firam, ya rataye a falo kowa ya gani. Ban ga laifinsa ba. Sai dai haske yana cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, ko na rana ne ko na ƙwan lantarki. Sa hannun da ɗan wasa ya yi da maka shi ke fara dushewa. Gilashi idan ya matse rigar, lamba na iya mannewa a jikinsa, firam ɗin da ke bangon da rana ke duka kuwa ƙaramin tanda ne. Wanda ya nace sai ya rataye, to ya bar tazara tsakanin gilashi da riga, a ɗinke ta da zare a jikin allo mai rufin ƙyalle maimakon gam ko ƙusa, ya zaɓi bango mafi duhu, ya kuma riƙa sauke ta tana hutawa. Ni dai da za a bi ta tawa, hoton rigar za a rataye, ita kuma ta kwanta a akwati.

Haka batun wanki da guga. Mu mutane ne masu son tsabta, uwargida ba za ta ga riga da laka a gida ta ƙyale ba. Amma garin neman gira ake rasa ido. Lokacin da za a sayar da rigar Maradona, 'yarsa Dalma ta ce ba ita ce ya ci ƙwallayen da ita ba, wannan ta zagayen farko ce. Abin da Sotheby's ya kare kansa da shi shi ne rahoton ƙwararru da suka gwada rigar da hotunan wasan, suka bi ɗinkin tambari da zaman lambobi da ƙananan alamun da ke jikinta. Tabon ciyawa, zaren da ya zare, inda abokin hamayya ya ja ta ta buɗe, su ne shaidar cewa an buga wasa cikinta. Omo da burushi na share wannan shaida cikin minti goma, dutsen guga kuma ya narkar da lamba cikin daƙiƙa. Abin da ya wajaba kawai shi ne a shanya ta a inuwa ta bushe sarai kafin a ajiye. Gumi na iya sa farar riga ta yi rawaya da daɗewa, amma wannan asara ce ƙarama idan aka gwada da waccan.

Akwai abu guda da ba ya cin ko kwabo, wanda kuma shi aka fi sakaci da shi: takarda. A rubuta sunan wanda ya sa rigar, da wace ƙungiya aka kara, a wane fili, wace rana, da yadda ta zo hannun mai ita. In akwai hoton wasan ko na lokacin da aka miƙa ta, a haɗa. A sa takardar a ambulan daban, kada ta taɓa yadin. Ranar da mai riga ya kwanta dama, magada ba za su ga komai ba sai tsohuwar jesi mai warin akwati, kuma mun san makomar irinta: tsumman goge babur.

Ƙungiyoyinmu ma da nasu rabon aikin. Ba sai an gina katafaren gini ba. Ɗaki ɗaya mai sanyi a filin wasa na Sani Abacha ko na Ahmadu Bello, da akwatuna, da rajista, da dokar cewa a ƙarshen kowace kakar wasa za a ware rigar kyaftin da ta wanda ya fi cin ƙwallo, sun isa a fara. Tsofaffin 'yan wasa da iyalansu za su fi sakin jiki su kawo nasu aro, kamar yadda Hodge ya yi, idan sun ga rasit da wurin ajiya na gaskiya.

Kafin nan, wanda ke da irin wannan riga a gida ya buɗe akwatinsa sau biyu a shekara. Na farko a farkon Maris, kafin bazara ta kankama, don ya tabbatar ɗakin da take ciki shi ne mafi sanyi a gidan. Na biyu a Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, ya shimfiɗa ta a inuwa na 'yan awoyi, ya duba ƙarƙashin hammata da wuya ko fumfuna ta kama, ya sauya ƙyallen, ya sauya wurin ninkin, sannan ya mayar.