Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Dosso: A Karrama Ƙananan Hukumomin Da Ke Rage Wa Talaka Wahalar Takarda

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Dosso.

Ƙaramar hukumar Geceme ɗaya ce daga cikin huɗun da suka haɗu suka yi gundumar Tibiri, sauran su ne Tibiri, Dumega da Kore Mairuwa. Kafin 2011 dukansu suna ƙarƙashin Dogon Dutsi. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 100 a cikinta, a warwatse cikin garuruwa da rugage, kuma garin Geceme ne mazaunin sarautar Takassaba. Dallol Mawri ya ratsa ƙasar, ruwa kuwa yana kusa a cikin kwarin, shi ya sa bayan gero da wake na damina ake noman rake, rogo, dankali da kayan lambu. Kasuwar Fadama tana tara ƴan kasuwa daga nesa, iyakar Najeriya ba ta da nisa. Arzikin irin wannan ƙasa yana hannun ƙananan manoma, makiyaya, dillalai da mata masu sana'a, kuma kusan duk hulɗarsu da gwamnati a ma'aikatar magajin gari take farawa, a can take ƙarewa.

Wannan ma'aikata ba daɗaɗɗiya ba ce. Dokokin 2002 ne suka raba Nijar zuwa ƙananan hukumomi 265, aka yi zaɓen kansiloli na farko ranar 24 ga Yuli 2004. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin isar musu da kuɗin tallafi, a 2010 aka haɗa dokokinsu cikin kundi guda, a 2016 kuma aka miƙa musu wani kaso na aikin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisunsu, kantomomi ne ke riƙe da su. Dalilin kafa su bai sauya ba: mutumin ƙauye ya samu biyan buƙatarsa kusa da gida, ba sai ya kashe kuɗin mota da yini guda zuwa babban gari ba.

Sai dai mizanin da aka saba auna shugaban ƙaramar hukuma da shi bai cika duba wannan dalili ba. Ana ƙirga azuzuwan da ya gina, da rijiyoyin da ya haƙa, da lanhon da ya tara. Duk waɗannan aiki ne, kuma ido yana ganinsu. Aikin da ido ba ya gani shi ne na ma'aikacin da ya sa takardar da a da take cin wata uku ta fito cikin mako, ko kantoman da ya hana a karɓi ko dala a kan abin da doka ta ce kyauta ne. Irin wannan ba a yanka masa ƙyalle, ba a kiran ƴan jarida, alhali shi ne ke barin kuɗi da lokaci a hannun talaka. Shi wannan wasiƙa take neman a fito da shi fili a yaba.

Takardar haihuwa ce ƙofar farko. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, ba tare da biyan komai ba, kuma ana iya sanarwar a asibiti ko a cibiyoyin da aka buɗe cikin garuruwa. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali. Nan wahala take farawa: shaidu, kuɗin mota, jira, komawa. Yaron da ba shi da ita yakan tsaya cak ranar rubuta sunayen masu jarrabawa, babban da ba shi da ita ba zai yi katin ɗan ƙasa ba, wanda ba shi da kati kuwa ba zai buɗe asusu a banki ba, kuma kowane shingen hanya abin fargaba ne gare shi. Ƙaramar hukumar da ta tabbatar rajista ba ta yanke a cibiyoyinta ba, tana kwaso takardun a kan lokaci, ta sa hannu, ta mayar wa iyaye har garinsu, sannan tana gayyato alƙali ya yi zaman ƙauye domin waɗanda wa'adi ya wuce su, ta yi wa tattalin arzikinta hidimar da ta fi ginin shago goma.

Ta biyu ita ce takardar gona, kuma a ƙasar fadama ita ta fi nauyi. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta rubuce, ta kuma buɗe hanyar kafa kwamitocin filaye: na gunduma, na ƙaramar hukuma da ake kira Cofocom, da na gari da ake kira Cofob, wanda mai gari yake shugabanta tare da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. A gaban wannan kwamiti ake rubuta saye, kyauta, aro, haya da jingina, da shaidar cewa gona gadon wane ce. Hikimar tsarin ita ce ba a ɗauke maganar ƙasa daga hannun waɗanda suka san iyakokinta ba, rubutu kawai aka ƙara mata.

Amfanin wannan rubutu a Dallol Mawri a bayyane yake. Rake yakan yi watanni a gona kafin a sare shi, mangwaro sai ya yi shekaru kafin ya ba da ƴaƴa, rijiyar lambu da injin ban ruwa kuɗi ne masu yawa. Wanda ya karɓi fadama aro da baki kawai ba zai zuba dukiyarsa a ciki ba, don ya san ran da mai gonar ya rasu magada na iya cewa ba su san zancen ba. Jinginar da ta shekara talatin, shaidunta duk sun kwanta dama, ita ce shari'ar da ke cinye amfanin gonar kafin a yanke ta. Mata sun fi kowa shan wannan, domin sau da yawa lambun da ƙungiyarsu ta gyara aron baki ne. Haka nan burtali da mashaya: inda aka shata su aka kafa alama, aka kuma sanar da ranar sakin gonaki kowa ya ji, rigimar kaka tsakanin manomi da makiyayi takan ragu. Amma kwamitin gari ba ya aiki da suna kawai. Yana buƙatar magatakarda da aka horar, da takardun cikewa, da rajista, da kuɗin aiki sananne wanda ba ya sauyawa gwargwadon fuskar mai nema. Ƙaramar hukumar da ta ware wa wannan kaso a kasafinta ta cancanci a ambaci sunanta.

Sai tikitin kasuwa. Ɗan kasuwa bai cika ƙin biyan haraji don yawansa ba, abin da ke korarsa shi ne rashin sanin nawa ne, da biya sau biyu, da biyan da ba rasit. Allo guda a bakin kasuwa mai ɗauke da kuɗin rumfa, na buhu da na kan dabba, a rubuce da Hausa da Faransanci, yana kashe gardama da yawa. In aka ƙara da bayyana wa jama'a abin da kasuwa ta tara da inda aka kashe shi, biyan yakan zo da sauƙi. Yanzu da babu zaman kansiloli, wannan bayani a bainar jama'a ya ƙara zama wajibi. Yankin ya ɗanɗana rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa 2020, ya sake ɗanɗanawa daga 2023 zuwa 2024. Buɗe iyaka da rufe ta ba a hannun kantoma suke ba, amma sauƙin ciniki a kasuwarsa yana hannunsa.

A Yamai an riga an gwada wannan tunani. Maison de l'Entreprise da aka kafa a 2012 ta tara matakan buɗe kamfani a ƙofa guda, abin da ya mayar da aikin makonni na ƴan kwanaki. Mai sayar da rake a garin Lido ko ƙungiyar Mata Masu Dubara ba kamfani suke nema ba, takardar amincewa ce da za ta ba su damar buɗe asusu da neman bashi. Teburi guda a ma'aikatar magajin gari, da ma'aikaci guda da zai faɗa musu duk abin da ake buƙata tun zuwan farko, ya ishe su.

Karrama irin wannan aiki ba baƙon abu ba ne. Ruwanda tun 2006 take sa shugabannin gundumomi su sa hannu kan alkawarin aiki da ake kira imihigo, a auna su duk shekara. Burkina Faso ta shirya gasar COPEGOL tsakanin ƙananan hukumominta. Haɗarin irin wannan gasa sananne ne: in rahoton da ma'aikata suka rubuta da hannunsu ne kaɗai abin dubawa, wanda ya fi iya rubutu ne zai ci. Saboda haka awon ya kamata ya tsaya kan abin da za a iya tantancewa: kwana nawa takardar haihuwa take yi kafin ta isa hannun uwa, garuruwa nawa ne kwamitin filayensu ya rubuta ciniki a bana, ko kuɗin kowace takarda yana manne a bango, kuma me masu gari, ƴan kasuwa, makiyaya da ƙungiyoyin mata suka shaida da bakinsu. A kuma auna kowace ƙaramar hukuma da inda ta taso, kada a haɗa ta karkara da birnin Dosso a ma'auni guda.

Ladan ma kada ya tsaya kan kantoma. Magatakardan Cofob, ma'aikacin rajistar haihuwa da mai yanka tikiti su ne suka yi aikin, yawancinsu kuwa alawus ɗinsu kaɗan ne. Takardar yabo daga hannun Gwamna, da ambaton suna a rediyo, da ƙarin kuɗin aiki ga ƙaramar hukumar da ta yi fice, ba za su yi wa baitulmali nauyi ba.

Roƙon da ake yi ga Mai Girma Gwamna, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ne ya kafa wannan karramawa ta shekara-shekara a jihar Dosso, ya fara gwada ta a ƙananan hukumomi huɗu na gundumar Tibiri, ya kuma sa a karanta sakamakon da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci a gidajen rediyon yankin, domin waɗanda ake yi wa aikin su ji da kunnensu.