Ziyarar Bazata Ba Ta Kaiwa Kebbe

A 2023, bai daɗe da shan rantsuwa ba, Gwamna Ahmad Aliyu ya hau Keke Napep cikin dare ya faɗa Asibitin Ƙwararru na Sakkwato babu sanarwa. Aka yi ta yabo a rediyo da Facebook. Har yau, in hira ta biyo ta kan asibitoci a majalisun Tambuwal, sai ka ji wani ya ce, "Ai maganinsu ke nan, Gwamna ya riƙa yi musu dirar mikiya." Ni ban yarda ba. Wannan yabon ne ma ya hana mu neman abin da ya fi shi.

Gwamna mutum ɗaya ne, ƙananan hukumomi kuwa 23. Keke ba zai kai shi Kuchi ko Ungushi a Kebbe ba. Can sai da ayari da jiniya, kuma kafin ayarin ya wuce Bodinga waya ta riga shi isa. Na taɓa jinyar ƙanwata a wani ƙaramin asibiti ranar da aka ce baƙi masu duba asibiti na tafe daga Sakkwato. Tun da asuba aka share harabar, aka fito da sababbin zannuwan gado daga sito, janareton da aka ce mana ya mutu ya tashi, ma'aikatan da ban taɓa gani ba suka bayyana cikin fararen kaya. Baƙi suka zaga, suka sa hannu a rajista, suka ci shinkafa. Kafin la'asar an naɗe zannuwan. Daren nan da fitilar waya aka ɗaura mata ƙarin ruwa.

Wani ne ya buga wayar da ta sanar da zuwan baƙin, kuma daga ofishin masu dubawar ya buga ta. Da ɗan gari akan ci gari.

Za a ce mini zuwa dubawa ba sanarwa rashin ladabi ne, baƙo ba ya shiga gida ba sallama, dole a sanar da ciyaman da hakimi. Mai duba asibiti ba baƙo ba ne, wakilin mara lafiya ne. Mai naƙudar da aka ɗauko daga Sanyinna ƙarfe 2 na dare ba ta aiko takarda kafin ta zo. Abin da ita za ta tarar, shi ya kamata mai dubawa ya tarar.

Amurka ta gane haka tun 1987. Dokarta ta gidajen jinyar tsofaffi ta ce a kai musu ziyara ba sanarwa, kada tazarar ta wuce wata 15, kuma duk wanda ya tsegunta ranar ana iya cin sa tarar da ta kai dala 2,000. Ba ga adalcin wani shugaba suka jingina ba, mai tsegumin suka nufa. Mu ma muna da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta wajabta wa kowane asibiti takardar shaidar cika ƙa'ida. Abin kunyar, lokacin da aka yi ta, ɗan wannan mazaɓa ta Kebbe da Tambuwal, Aminu Waziri Tambuwal, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai. To shaidar da aka bayar ranar kwalliya, me ta shaida?

Muna da wakilai uku a Majalisar Dokokin Jiha: Tambuwal ta Gabas, Tambuwal ta Yamma da Kebbe. Su kai ƙuduri. A rubuta sau nawa za a duba kowane asibiti a shekara, na gwamnati da na kuɗi, har da dare, har da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro. A hana masu dubawa karɓar kuɗin mai ko abinci daga wanda suka je dubawa. A liƙa rahoton da Hausa a ƙofar asibitin, inda masu jinya za su karanta. Wanda ya buga waya kuma a ci shi tara, a rage masa girma, a faɗi sunansa a Rima Radio.