Kotu Ta Ce A Kamo Shi, Me Ake Jira?

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato a fasa wa mutum gida, a gane wanda ake zargi, kotu ta ba da takardar izinin kama shi, amma wata da watanni su shuɗe yana yawonsa ba wanda ya taɓa shi.

Ga misali na kusa. Wani magidanci daga cikinmu ya kwashi iyalinsa sun tafi gida hutun Sallah. Da suka dawo suka tarar an ɓalle ƙofa, an ɗauke janareto, da keken ɗinkin uwargida, da kuɗin adashin da mata suka ba ta ajiya. Allah Ya sa aka ga keken a hannun wani, aka bi diddigi har aka kama wanda ya sayar masa, aka gurfanar da shi gaban majistare. An ba da belinsa, ranar zama ta zo bai zo ba, ta sake zagayowa bai zo ba, sai alƙali ya ba da takarda a kamo shi. Daga nan magana ta tsaya cik. Yau a ce babu mota, gobe a ce babu mai, jibi a ce an yi wa jami'in da ke riƙe da fayil canjin wurin aiki. Shi kuwa wanda ake nema ana ganinsa a tasha da teburin mai shayi, har yana aiko da saƙo wai baƙo ba ya ja da ɗan gari. Ba za mu kama sunan ofishi ko jami'i ba, domin gyara muke nema.

Mun sani 'yan sanda na da nasu uzurin. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 ba ta da 'yan sanda dubu 400, ga ƙarancin motoci da kayan aiki. Amma wannan uzuri ba ya soke umarnin kotu, kuma wajibi ne kowane gida ya san abin da doka ta ce, tun da rashin sani ya fi dare duhu.

Takardar kamu umarni ce daga alƙali zuwa ga 'yan sanda. Ba ta da ranar lalacewa. Tana nan da ƙarfinta har sai an kama mutumin ko kotun da ta bayar ta janye ta. Haka abin yake a tsohuwar dokar bin shari'ar laifuka ta Arewa ta 1960, haka yake a dokar tarayya ta 2015, wadda Jihar Nasarawa ita ma ta yi tata mai kama da ita. Ana iya zartar da takardar kowace rana, ko Lahadi ce ko ranar hutu, kuma jami'i na iya yin kamun ko da takardar ba ta aljihunsa a lokacin, muddin za a nuna wa wanda aka kama ita ba da jinkiri ba. Don haka in wanda ake nema ya sulale daga Keffi zuwa Masaka ko Mararaba, ko ya tsallaka Nyanya ya shiga Abuja, takardar ba ta mutu ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuwa ta lissafa kama masu laifi da kare dukiyar jama'a cikin ainihin ayyukansu.

Maganar baƙunta kuma ba ta da gurbi a nan. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida da fili a ko'ina, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, addini ko asalin garinsu. Shi kansa Keffi, Abdu Zanga da ya kafa shi wajen shekarar 1800 daga ƙasar Katsina ya fito. Babu ofishin da ke da hurumin tambayarka takardar shaidar asali kafin ya bi maka haƙƙinka.

To, ina laifinmu? Gaskiya ɗaya ce: mun fiye yin komai da fatar baki. Mutum zai je caji ofis sau goma, ya gaisa, ya roƙa, ya ba da na mai, ya dawo ba tare da ko layi ɗaya a rubuce ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa, gobe za a ce ba a yi ba. Kuɗin da muke miƙawa kuma su ne ke koya wa wasu cewa jinkiri na da riba. Daga baya sai gajiya ta zo, mai ƙara ya daina zuwa kotu ya ce ya bar wa Allah, shari'a ta rasa mai bin ta har a kore ta.

Saboda haka ga abin da muke kira a riƙa yi. Da farko, a je wurin rajistaran kotu a karɓi lambar shari'a da ranar da aka ba da takardar, a nemi kwafinta. Na biyu, a rubuta wasiƙa zuwa ga Baturen 'yan sanda, a faɗi inda ake ganin mutumin da lokacin da yake zuwa, a kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya tambari a dawo da shi gida. Na uku, in mako biyu ya wuce shiru, a rubuta wa Kwamandan yanki, sannan Kwamishinan 'yan sanda a Lafiya, kowace wasiƙa da kwafin ta baya manne da ita.

Na huɗu, kada a fasa zuwa kotu ko sau ɗaya. A sa ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya shaida wa alƙali cewa ba a zartar da takardar ba. A tuna masa da wanda ya tsaya wa mutumin a beli, domin kotu na iya kiransa ya kawo shi ko ya biya kuɗin da ya sa wa hannu. Sau da yawa wannan kaɗai kan fito da mai gudu daga maɓoyarsa. In an tabbatar ɓuya yake yi, kotu na iya yin sammacin shela, ta ba shi wa'adin da bai gaza kwana 30 ba, in ya ƙi bayyana a riƙe dukiyarsa.

Na biyar, akwai ƙofofin ƙorafi: sashen karɓar koke na 'yan sanda da aka buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da ke nan tun 1975, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa. Kada mai gida ya tafi shi kaɗai. Dattawan ƙungiya biyu su raka shi, a kuma sanar da mai unguwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai gargaɗi biyu ga kanmu. Kada fushi ya sa matasanmu su ce za su ɗauki doka a hannu. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, bisa zargin da babu kotun da ta saurara. Duk inda hukuncin titi ya samu gindin zama, baƙo ne yake fara ci. Haka kuma doka ta hana a kama uwa ko mata ko ƙanin wanda ake nema a madadinsa, kada mu nemi a yi mana haka. Gargaɗi na biyu: in wanda ake nema ɗanmu ne, kada mu ɓoye shi ko mu sa shi a mota zuwa gida. Ɓoye mai laifi da sayen kayan sata laifuka ne a dokar Final Kot, kuma ba za mu yi bakin neman adalci ba in muna rufa wa namu asiri.

Daga ƙarshe, duk gidan da ke da irin wannan matsala ya kawo takardunsa taronmu na gaba, mu rubuta wasiƙun tare. Allah Ya tsare mana gidajenmu, Ya ba hukumominmu ikon riƙe amana, amin.